Bakin Jibo da Sunan Ɗiyar Fari

Jibo na Korgom bai taɓa kiran sunan ɗiyarsa ta fari ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce da ya tarar a gidansu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an san da zamansa a gaban mutane. Sunan yarinyar Zara'u, amma a bakin Jibo ita ce "waccan", a bakin uwarta A'i kuwa "mutuniyar". In yana son ya aike ta, sai ya dubi rumbu ya ce, "Da za a samu mai kawo ruwa." Ruwan kuwa ya zo.

Duk hidimar karatunta ƙanensa Sha'ibu ne ya ɗauka. Shi ya kai ta lakwal, makarantar boko, shi ya kai ta Tasawa da ta shiga kwaleji, shi ya samar mata masauki har ta gama lise, babbar sakandare. Aikin Jibo a ciki bai wuce buhun gero da akan wayi gari a gani a zauren Sha'ibu ba, kuma babu mai tambayar daga ina ya fito.

Sai ga shekarar da damina ta yi gardama, gero ya tsaya bai kai gwiwa ba. Da rani soja suka sake karɓar mulki a Yamai, rediyo ta yi ta kaɗa musu badujala. Mutanen Korgom suka saurara, suka koma leƙen rumbunansu. Sha'ibu ya ga zama ba zai yi ba, ya bi motocin arewa cin rani, tun ana samunsa a waya har aka daina. A tsakiyar wannan yunwar ce Zara'u ta ci jarrabawar bak ta kammala lise, da sakamakon da har shugaban lise ya aiko a yi wa gidansu barka. Jibo ya ce da ɗan aiken, "To, madalla," ya ci gaba da gyaran ƙotar hauyarsa. Daɗi ya kusa kashe shi, amma ko haƙorinsa ba a gani ba.

Yanzu sai zaɓen makarantar gaba, ga shi babu Sha'ibu. Jibo ya shiga zuwa Tasawa ranar kasuwa yana tambaya a kan "ɗiyar wani maƙwabcina". Ya tambayi malamin asibiti, ya tambayi direbobin tasha, ya tare wani mushe, wato malamin boko, a bakin masallaci. Kowa ya san maƙwabcin, kowa kuma ya rufa masa asiri ya ba shi amsa. Abin da ya tattaro shi ne: akwai makarantar lafiya ta kuɗi a Maradi, wadda sai mai garke, garken ma bana ƙashi ne da fata. Akwai makarantar horon malamai, kusa, mai sauƙi, nan da nan yarinya ta fito ta kama alli. Sai kuma jami'a a Yamai, inda ake karatun likita shekara da shekaru, garin da ko ruwan sha sai an saya.

Shawarar gidan ma abin kallo ce. Jibo da A'i suka zauna a inuwar itacen bedi kusa da ɗakin yarinyar, suka ɗaga murya kamar masu magana da kurma.

"Ni dai na ce abin da hannu ya kai shi aka ɗauka," in ji A'i. "Malanta mi ta rasa?"

"Ba ta rasa komi ba. Amma an ce wasu ba nan hankalinsu yake ba."

Zara'u na tsakar gida tana watsa wa kaji tsaki. Ta dubi wata kaza ta ce, "Wasu dai likita suka so tun suna ƙanana. In babu hali, ba komi."

A'i ta yi tsaki ta tashi, wai hayaƙi ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Ita ce kuwa ta samo hanya. A layin sayen hatsi mai rahusa ta ji mata na zancen wata ƙungiya ta 'yan asalin yankin da ke aiki a Yamai da ƙasashen waje. Kowace shekara sukan ɗauki yaran da suka fi ƙoƙari su ba su burs, wato su ɗauke musu ci da kwana da littattafai har su gama. Sharaɗinsu guda ne: uba ya zo da kansa, a gaban yaron, ya faɗi da bakinsa cewa yana so. Dalili kuwa, sun sha kashe kuɗi a kan yaro, karatu ya yi nisa, sai uban ya aiko a dawo masa da abinsa.

Jibo ya roƙi liman ya je a madadinsa, aka aiko cewa liman bai haifi yarinyar ba. Ya sake neman Sha'ibu a waya har mai cajin waya ya gaji da ganinsa. Da ya ga babu makawa, ranar da aka sa ya ɗauki kabu-kabu biyu, shi a kan ɗaya, yarinyar a kan ɗaya, don kada a ce an gan su goye a babur guda.

A wani aji na lise aka yi zaman. Mutum uku ne a bayan tebur, babbansu wani tsohon malami mai furfura, Mushe Abdussalamu. Gurbi ɗaya ya rage, yara biyu ke nemansa. Uban ɗayan yaron, wani mai sayar da taya, ya riga Jibo shiga, kuma ta taga ana jin yadda yake zuba: ɗansa tun yana goye yake ƙirga, ɗansa ko barci yake da faransanci yake mafarki. Yaron na uku ne a gidansu, bakin uban a sake yake.

Aka kira Jibo. Ya zauna a bakin benci, Zara'u ta zauna a ɗaya bakin, tsakaninsu filin da jaki zai kwanta.

"Malam Jibo, wagga ɗiyarka ce?" in ji Mushe Abdussalamu.

"Gidanmu take."

"Ƙaƙa sunanta?"

"Ai yana nan rubuce gabanku, Mushe."

Na gefen tebur suka yi dariya, don duk cikinsu babu wanda bai san al'adar ba. Tsohon ma ya murmusa, ya ce, "To mi ka gani game da ƙoƙarinta?"

Jibo ya dubi ƙasa. "Yaran yanzu dai sai addu'a. Ba wani abin a zo a gani. Haka nan dai take."

Dariyar ta tsaya. Mushe Abdussalamu ya cire tabarau ya ajiye. "Malam Jibo, ni ma ɗan fari ne. Ubana har ya koma ga Allah bai kira ni ba, ban kuma riƙe shi ba. Amma kuɗin ga na mutane ne. Wanda ya zo bara ya janye ɗiyarshi, shi ma haka ya zamna nan ya ce muna haka nan dai take. Ni daga nan ba ni iya rarrabe mai kunya da wanda bai damu ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In babu magana, mu sallame ku, rana na yi."

"A bari ta hita waje," in ji Jibo.

"A'a. Ita za ta zamna Yamai cikin baƙi. Ta ji da kunnenta."

Zara'u ta fara tattara gyalenta. Ba fushi ta yi ba, ta dai san ubanta, ta kuma riga ta fara lallashin zuciyarta da alli da allo. Jibo ya ga tashin nata ta wutsiyar ido, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da ya ga gonarsa ta ƙone. Ya juya mata baya gaba ɗaya, ya fuskanci bango.

"Tana aji ukku ta yi ƙyanda, ta yi wata ba ta je ba, ta koma ta zo ta ɗaya," ya ce da bangon. "Shekarar da ta shiga kwaleji wani mushen lissahi ya ce ta sata amsa, ya sake mata jarrabawa ita kaɗai, ta hi da. Ni na biyo shi har gida ban ce mishi komi ba, na dai gaishe shi don in ga huskarshi. Duk ranar da aka kahe sakamako ina nan bakin lise bayan mai shayi. Ban iya karatu ba, amma na san inda sunan yake tsayawa, can sama. Da dare in ta karanta, ni ka sayen kananzir in ba Sha'ibu shi ce shi ya saya. Ba ni janye ta. Ko yunwa ta kashe mu, gawata ba ta aikowa a maido ta."

"Wa ke nan?" in ji tsohon a hankali.

Rabon Jibo da sunan tun ranar da ya raɗa wa liman shi a kunne, ya sulale ya bar gidan suna.

"Zara'u," ya ce. Ya sake cewa, "Zara'u. Ɗiyata ce."

Bai juyo ba, don haka bai ga yadda ta tura fuska cikin gyale ba. Mutanen tebur suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, suka duba sakamakon yaran biyu, nata ya fi. Aka ba ta gurbin. Uba da ɗiya suka fito, kowa ya hau kabu-kabunsa.

Suna isa Korgom labari ya bazu, don ɗan kabu-kabu ba ya riƙe magana. Bayan la'asar Jibo na fitowa daga masallaci, Ɗan Malam, abokin wasansa, ya tare shi a gaban jama'a. "Ina ɗan zamani? An ce har sau biyu! Gobe sai mu gan ka ka goya ta." Aka bushe da dariya. Wani dattijo kuwa bai yi dariya ba, ya kau da kai ya wuce, wannan ya fi yi wa Jibo ciwo. Ya sa takalmansa ya nufi gida, kunnuwansa na zafi.

Ya tarar yarinyar ta tafi gaida kakarta. A'i ce kaɗai a bakin murhu tana gyaran ganyen tafasa, abin da ya rage a ci ke nan. Ya zauna a kan turmi yana jiran nata faɗan.

"An ce ka hwaɗa," ta ce.

"Dole ta sa."

"Gaban mutane."

"Gabansu."

Ta ci gaba da tsinke ganye. Ita ta yi naƙudar yarinyar, ita ta shayar da ita tana kau da kai in da mutane, kuma nan da 'yan makonni mota za ta ɗauke ta zuwa garin da A'i ba ta taɓa gani ba. Ta leƙa ƙofar gida, ta ga babu kowa. Ta rage murya.

"To hwaɗa mini in ji, Malam. Ni bakina ba ya iyawa."

Jibo ya faɗa. A'i ta ajiye ƙwaryar, ta rufe ido.

"Ƙara," ta ce.