Atamfar Bahijja

Shekara biyu ke nan Lauratu tana tara ƙyallayen da ke raguwa daga ɗinkin mutane. Tela ce a Yakasai, amma wannan aikin ba wanda ya sa ta. Da hannu take harhaɗa su a kan wani babban mayafi mai auduga a ciki, tana fitar da siffar lungunsu yadda yake kafin ruwan sama ya rushe gidaje huɗu.

Ranar Talata da hantsi ta shimfiɗa shi a tsakar gida tana datse zare, sai ga sallamar maƙwabciyarta Hajiya Uwani, ta zo karɓar ɗinki. Lauratu ta yunƙura za ta naɗe, amma ta makara.

Hajiya ta tsaya cak, idonta a kan wani koren ƙyalle.

"Wannan atamfar Bahijja ce."

Bahijja ita ce autar Hajiya, yarinyar da katanga ta faɗo wa a wancan ruwan, ta rasu. Lauratu na cikin waɗanda suka tono ta.

"Ita ce, Hajiya. Ƙofar gidanku na yi da ita."

"Da izinin wa?"

Lauratu ta ce, "Wallahi ba na sayarwa ba ne. Tun ranar na kasa faɗa wa kowa abin da na gani, sai dai in ɗauki allura."

"Ni da na haife ta ban baje ta a tsakar gida ana kallo ba. Miƙo min almakashin nan."

"Hajiya, in kika yanke nan, duk gefen zai warware."

"Miƙo min, na ce."

Lauratu ta dubi aikin, ta dubi hannun da aka miƙo mata. Ta ba ta.

Hajiya ta durƙusa da ƙyar. Sau biyu almakashin yana zamewa, har ya ci wani ɓangare na siffar gidan kusa. Lauratu ta dafe ƙirji. Da ƙyallen ya fita, Hajiya ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta fice ba sallama.

Lauratu ta dubi gurbin da aka bari. Tana da koren yadi da zai toshe gurbin, har ta ɗauko, sai ta mayar. Ta zura zare, ta bi bakin ramin tana daje shi don kada sauran ya warware. Ba ta gama ba sai da aka kira azahar.