Kason Wanzami

"Baba, don Allah ka bar zabirar nan a waje," in ji Fauziyya, tana jijjiga jaririyar da ta gaji da kuka har muryarta ta dushe.

Mode ya ƙara rungume jakar askarsa. Ina! Shekara arba'in yana wanzanci a Ƙofar Kware, ba a taɓa raba shi da ita ba, ba kuwa a asibitin haƙori na Arkilla za a fara ba. Har auduga ya cuso a ciki da garin tsayar da jini, don shi dai a saninsa ba a taɓa bakin jariri jini bai zuba ba.

Kwana shida ke nan da haihuwar jikar tasa, gobe suna, amma ta kasa kama nono. Ta kama ta saki, ta kama ta saki, har ta fara ramewa. Shi da kansa ya buɗe bakin ya ga linzami, ɗan zaren nan da ke ɗaure harshe ta ƙasa. Ya yanke irinsa ba adadi. Amma da ya ɗauko aska sai ya ga hannunsa na rawa, rawar da ya shekara biyu yana ɓoye wa mutane. Ya mayar da askar, ya ce a kira keke. Wallahi abin ya yi masa ciwo.

Likita Dorcas ta haska bakin, ta ɗago. "Wa ya gano wannan?"

"Ni. Aikina ne."

"To Baba, idonka ya fi fitilata."

Mode ya gyara zama, ya ɗan yi tari. Ta nuna masa wani abu kamar alƙalami mai igiya, ta ce leza ke nan, haske ne yake yanka, yana yi yana toshe jini.

"Haske? Ɗiyata, mi kika ce? To ina bakin askar?"

"Ba ta da baki, Baba. Sa wannan tabarau ka zo ka riƙe mini kanta. Ka fi kowa sanin riƙon."

Aka shafa wa yarinya maganin kashe zafi, aka rufe mata idanu. Mode ya tallafe ɗan kan da tafukansa biyu, yana ta bisimilla. Na'ura ta yi ɗan ƙara, ƙit, ƙit. Yana shirin cewa a yi a hankali sai likita ta ajiye alƙalaminta.

"An gama."

"An gama mi?"

Ya cire tabarau ya leƙa. Harshe ya saku, ga shi yana motsi. Ya duba audugar da ya cuso a zabira tun daga gida, fara fat.

Fauziyya ta juya baya ta ja mayafi, ta sa 'yar a ƙirji. Can sai aka ji tsut, tsut, tsut, har da haɗiya. Fauziyya ta fashe da kuka tana dariya.

"Kai, amaryar tawa ashe acici ce!" in ji Mode, yana share ido da hannun riga. "Ku ji ta fa! Wagga sai ta cinye min gida."

Farin ciki ya hana shi zama. Ya zagaya kujerar, ya sake leƙa alƙalamin, ya girgiza kai. Sannan ya tsaya gaban likita.

"Kina cin naman rago?"

"Sosai ma, Baba."

"To gobe suna. A unguwarmu in an yanka rago, akwai kason da ake ware ma wanzamin da ya yi ma jariri aiki. Shekara arba'in gidana ake kawo shi." Ya rataya zabirarsa a kafaɗa. "Faɗa min kwatancen gidanki. Ni zan kawo da kaina."