Tambaya ta Tamanin da Shida

Darlene Pruitt ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, amma ta kasa dannawa. Tambaya ta tamanin da biyar ce a gabanta. Bara a daidai nan allon ya ɗauke, daga baya aka ce ta faɗi.

Ta daɗe tana aikin taimaka wa nas-nas a wani gidan kula da tsofaffi a garin Toledo na Amurka, wanka da canjin zanin gado, kafin ta koma makaranta da furfurarta don ita ma ta zama nas. Lasisi kaɗai ya rage mata, kuma sai ta wannan jarrabawa ake samunsa. Ba irin wadda ake tara maki ba ce. In ka amsa daidai, kwamfuta ta jefo maka mai wuya. In ka kuskure, ta sassauta. Daga tambaya ta tamanin da biyar, da zarar ta tabbatar ka haye ko ka nutse, sai ta rufe, ba tare da ta ce maka wanne ne ba.

Darlene ta runtse ido ta danna. Da ta buɗe, ga ta tamanin da shida.

Ta saki numfashi. Sai kuma ta gane: ashe a kan iyaka take, na'urar ba ta yanke ba tukuna. Tambayoyi suka yi ta zuwa, na ciwon zuciya, na haɗa magunguna, kuma ba a komawa baya a gyara. Can sai ga wata: a wane hannu mai rauni a ƙafa zai riƙe sanda? Abin da take yi kullum. Me ya sa aka ba ta mai sauƙi haka? Nawa ta ɓata ke nan?

Yarinyar da ke kujerar kusa ta miƙe, ta gama. Darlene ta ɗaga hannu ta nemi hutu.

A baranda mai sa ido a kan jarrabawar, wani dattijo mai tabarau, ya dube ta. “Lafiya, Madam?”

“Ta fara ba ni na 'yan yara,” ta ce.

“Ba ni da izinin magana a kan tambayoyi. Ga ruwa can. Amma lokacinki na tafiya fa.”

Ta sha, ta wanke fuska, ta koma. Ta daina auna wacce ce mai wuya, wacce ce mai sauƙi. Kowace ta zo, sai ta karanta sau biyu, ta zaɓa, ta wuce. Ta haura ɗari. Bayanta ya ƙage, haruffa suka fara haɗewa. Tana shirin karanta ta gaba, allon ya ɗauke.

A mota 'yarta Corinne tana jira, ta cinye soyayyen dankalin da ta saya wa uwar.

“Mama, na zaci kin tare a ciki ne! Yaya?”

“Ban sani ba.”

“Kamar yaya ba ki sani ba? Ba ke kika yi ba?”

“Ja motar nan, don Allah, kafin in yi miki amai a ciki.”

Ranar Alhamis da safe, a filin ajiye motoci na wurin aiki, ta buɗe sakamakon a waya. Ta ci.

Ta kira Corinne, amma magana ta ƙi fita, sai shessheƙa.

“Mama? Kukan daɗi ne ko ɗayan? Mama, yi magana mana!”

“Na ci, ke kuma.”

Ihun yarinyar ya sa ta janye wayar daga kunne. Ta share fuska da hannun riga, ta ɗauki jakar abincinta, ta shiga ciki da sauri, domin har ta makara.