Bakin Hannun Hagu

Mai karɓar kuɗi ta tafi cin abinci. Abin da aka rubuta ke nan a jikin kwali aka jingina a tagar biyan kuɗi ta asibiti, kuma ko shi sai da wata mata mai goyo ta karanta wa Tela, don shi dai fari kawai ya gani da ɗigo-ɗigon baƙi.

"Yaushe za ta dawo?" ya tambayi matar.

"An ce ƙarfe biyu, Baba."

"Yanzu ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da rabi."

Tela ya ja tsaki mai tsawo har yaron da ke bayan matar ya buɗe ido. Ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya hau mota biyu, ya hau bene hawa uku da gwiwar da ba ta son bene, duk don ya zo ya biya kuɗin aikin idonsa, sai kuma a ce masa wai ana cin abinci. Yanar ido ce ta rufe masa idon dama, na hagun ma ta fara lasa. Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: idan ya biya yau, za a sa shi cikin waɗanda za a yi wa aiki ranar Alhamis. Idan yau ta wuce, sai bayan wata huɗu, kuma shi likita ba zai rantse a kan abin da zai rage na idon hagu a lokacin ba.

Gaskiyar magana, Tela ba ya son aikin nan. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, ko da yake da za a yanka shi ba zai faɗa ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana yanka yadi ya san abin da almakashi ke yi idan hannu ya goce, ga shi kuma an ce ya kwanta ya buɗe ido wani ya zo da wuƙa. Matarsa ce ta hana shi sakat. Da safen nan ita ta sa masa ambulan ɗin kuɗin a aljihun wando, ta kama bakin aljihun da fil, kamar ɗan makarantar da aka aika sayen sabulu.

Benci ya cika, ɗakin jira kuma sai warin magani da kukan yara. Ya sauko ya fita titi yana masifa shi kaɗai. Rana ta ƙwalle, babu ko inuwar kirki. Ya lallaba ya tsallaka titi, ya tarar da jerin shaguna, ɗaya yana da ƙofar gilashi, kuma da wani ya buɗe ta ya fito, sanyi ya biyo bayansa ya taɓa fuskar Tela. Sanyin nan kaɗai ya shigar da shi. Da ya san shagon agogo ne, wataƙila da ya haƙura da ranar.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji mai agogo, wani mutum mai tumbi kaɗan da murya mai laushi. "Ka zo a sa'a."

"Ni ba saye na zo yi ba."

"Kallo kyauta ne, Baba. Zauna ka huta."

Ya zauna a doguwar kujera gaban akwatin gilashi. Fitilu ƙanana suna haska ciki, kuma duk da yanar da ke idonsa, ƙyallin ya iso shi. Nan da nan ransa ya ƙara ɓaci, don ya san waɗannan abubuwa, ya san su fiye da mai sayar da su.

Tela ta bakin hannun riga ya san agogo. Duk mai agogon tsada da ya taɓa shiga shagonsa, idan an zo awon hannu sai ya rage murya ya ce, "Tela, na hagun nan ka ɗan sake shi." Shi kuwa ya san me ake nufi. Sai ya ƙara faɗin yatsa ɗaya, ya rage tsawo da rabin inci, yadda idan mutum ya miƙa hannu zai gaisa ko zai ɗauki kofi, riga za ta ja baya da kanta agogo ya leƙo, kamar ba da gangan ba. Wannan sirri ne tsakaninsa da manyan mutane, babu wanda ya koya masa. Shekara da shekaru sanyin ƙarfen agogon wasu yana taɓa bayan yatsunsa yana riƙe da tef ɗin awo. Shi kuwa agogonsa ɗaya a duniya, na bango ne, kyautar kamfanin zare, kuma kullum yana gaba da minti goma.

"Wancan," ya ji bakinsa ya faɗa. "Na kusurwa. In gani kawai."

Mai agogo ya sa farin safar hannu, abin da ya ba Tela haushi, ya ɗauko shi a hankali kamar ƙwai, ya ɗaura masa. Maɓallin ya ce ƙas.

Nauyin ne ya gama da shi. Bai taɓa sanin haka abin yake daga ciki ba. Ƙarfen ya yi sanyi, sannan ya ɗauki ɗumin jikinsa, ya kwanta a wuyan hannunsa lif, ba matsi ba sako-sako. Ya ɗaga hannu ya kai kunne, ya ji wata 'yar tafiya mai sauri a ciki, tsaf-tsaf, irin ta keken ɗinkin da aka sa wa mai da safe.

"Ba ya cin batir, Baba," in ji mai agogo. "Motsin hannunka ne abincinsa. Muddin kana aiki, yana aiki. Wannan ba a saya wa kai kaɗai, jikoki ake saya wa."

"Nawa?"

Mai agogo ya faɗi kuɗin. Tela ya yi dariyar da ba ta da daɗi, don abin da aka faɗa ya ɗara abin da ke aljihunsa da kaɗan ne kawai. Da ya ninka shi sau goma, da ya cire ya yi godiya ya tafi da mutuncinsa. Amma a ce kusa haka? Wannan ai neman magana ne.

"Ya yi yawa," ya ce, don ya tsira.

"Don kai ne, Baba, kuma don ka yi kama da mahaifina." Mai agogo ya danna ƙaramin injin lissafi, ya rage, ya juyo masa da shi. Tela bai ga komai a jikin injin ba, sai da mutumin ya faɗa da baki. Ragin ya sauka daidai kan ambulan ɗin, kamar ya leƙa aljihun.

Kai, wannan mutum bai kyauta ba. Tela ya ji haushin mai agogo, ya ji haushin mai karɓar kuɗi da cikinta, ya ji haushin likita da wuƙarsa, ya fi jin haushin hannunsa na hagu da ya ƙi sauka daga kan gilashin. Zuciya kuwa ta samu abin yi, ta shiga kawo hujja. Wa ya ce aikin zai yi kyau? Maƙwabcinsa kafinta an yi masa, har yau hawaye yake yi. Idon hagu ai yana gani. Allura kuwa da yatsa yake zura mata zare tun ba yau ba, ba ya ko kallo. Kuma a cikin watannin nan duka, wa ya dawo masa da ɗinki ya ce bai yi ba? Babu ko mutum ɗaya. To ina gaggawar? Shekara arba'in yana yanka wa agogon wasu ƙofa, shi ba zai shiga ba ko sau ɗaya kafin ya mutu?

"Akwai mai shuɗiyar fuska, akwai mai baƙa," in ji mai agogo, ya ajiye na biyu kusa da hannunsa. "Wanne ya fi kwanta maka?"

Tela ya duba wannan, ya duba wancan. Duk ɗaya ya gani.

"Wanda ke hannuna," ya ce da sauri.

"Ka iya zaɓe, Baba."

Ya sa hannun dama a aljihu ya lalubo fil ɗin matarsa. Fil ɗin ya soke shi a babban yatsa, ya ce da shi abin da ba a faɗa a gaban mutane, ya ɓalle shi. Ya ciro ambulan ya ajiye a kan gilashi, amma bai ɗauke tafinsa daga kai ba tukuna.

"Bari in gyara maka ka ga yadda zai zauna da riga," in ji mai agogo. Ya kama bakin hannun rigar Tela zai ja shi ƙasa, sai ya tsaya. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya girgiza kai cikin tausayi. "Baba, kada ka ji haushina. Wanda ya ɗinka maka rigar nan ya cuce ka."

Tela ya kawo hannun rigar kusa da fuskarsa.

"Dubi ɗinkin, kamar tafiyar mashayi. Nan ya hau, nan ya sauka. Zaren ma kala biyu ne, ya fara da fari ya ƙare da ruwan madara. Ramin maɓalli kuma ya kauce wa maɓallin. Agogo irin wannan ba zai zauna a ƙarƙashin wannan aiki ba, wallahi. Ina da tela, hannunsa kamar inji. Bari in rubuta maka lambarsa."

"Ba ni madubin nan naku," in ji Tela. Muryarsa ta canja. "Wanda kuke maƙalawa a ido."

Mai agogo ya miƙa masa. Tela ya dafe shi a idon hagu, ya kawo bakin hannun rigar kusa da fitila, har zaren ya fito masa ɓaro-ɓaro kamar igiya.

Mutumin bai yi ƙarya ba, ya ma rage. Layin ya karkace tun daga farko, a wani wuri ya fita daga kalmasa gaba ɗaya ya dawo. Ko ɗan koyo ne ya kawo masa wannan, da ya warware shi a gabansa ya jefa masa. Shi ya ɗinka rigar nan jiya da yamma, da hannunsa, yana ɗinkawa yana jin daɗin yadda keken ke tafiya. Ya goge ta ya rataye a shago, yau da safe ya sa ta ya fito, babu wanda ya taɓa ta sai shi.

Ya ajiye madubin. Ya ciro wayarsa mai manyan maɓallai ya danna na farko, wanda 'yarsa ta saita masa. Matarsa ta ɗauka tun kafin ta yi ƙara biyu.

"Malam, ka biya?"

"Tambayarki zan yi, kuma kada ki yi mini kwana-kwana. Ɗinkina ya lalace?"

Yana jin famfo yana zuba a can gidan, sannan aka rufe shi.

"Wa ya gaya maka?"

"Au, ashe akwai abin gayawa! To me ya sa babu wanda ya dawo da kaya? Mutane sun makance ne su ma?"

"Babu wanda ya makance, Malam." Ta sauke numfashi. "Idan ka shigo cikin gida ka kwanta hutun rana, ni nake zagawa shagon. In warware, in sake bi. Kafin ka tashi na mayar na rataye."

"Tun yaushe?"

"Wata takwas."

"Wata takwas! Kina kallona ina cika baki a gaban mutane? Har kwat ɗin shugaban makaranta, wadda ya dawo takanas yana yaba mini?"

"Har ita. Ranaku uku na yi a kanta."

"Kuma ba za ki buɗe baki ki faɗa mini ba?"

"Sau nawa na ce ka je asibiti? Kai ne za a ce wa ɗinkinka ya karkace? Ai da ka daina cin abincin gidan nan." Muryarta ta yi ƙasa. "Ka biya kuɗin nan, don Allah. Ni ma yanzu sai na fito tsakar gida nake iya zura zare. Idona ya fara gajiya, Malam. Ba zan iya gani mana mu biyu ba."

Tela ya tsaya da waya a kunne bayan ta kashe. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ga kuma haushi. Mai agogo ya gama rubuta lambar telansa a 'yar takarda, yana riƙe da ita yana murmushi, bai san inda zai ajiye ta ba.

Tela ya mayar da ambulan aljihu. Ya laluba maɓallin agogon da yatsa, ya danna nan, ya ja can, abin ya ƙi buɗuwa, shi kuma ba ya ganin inda ake dannawa. Ya miƙa wa mutumin hannunsa a kan gilashi.

"Cire mini," ya ce. "Sannan ka fito ka tsallakar da ni titi."