Darar Sallamar Malam Dauda

Malam Dauda ya ajiye aiki a garejin gwamnati na Yamai shekara biyu bayan samun 'yancin kai, ma'aikata suka yi masa bikin sallama.

An ture motoci gefe, an share fili, an yanka rago. Ramatu mai sayar musu da abinci ta kawo kifin Gudal da dambu. Aka fara da jan igiya, direbobi gefe ɗaya, kanikawa gefe ɗaya. Igiyar ta tsinke, shef, wato shugaban gareji, ya faɗi zaune cikin baƙin mai da farin wandonsa. Ya tashi yana dariya, sannan kowa ya samu damar yin tasa. Aka yi tseren gara taya. Ramatu ta ɗaura rawani ta kwaikwayi yadda Dauda ke hararar injin da ya ƙi tashi. Har shi ya murmusa, abin da ba a saba gani ba.

Dauda Bagobiri ne, Kirista, mutumin Tsibiri. Matarsa Hannatu ta riga ta ɗaure kaya, ta yi magana da mai kamyon, babbar motar da ke zuwa Maraɗi. Ya yi mata alkawarin komawa gida. Shi kam ransa na Yamai, wurin kogi da inuwar gareji da abokai, amma ba mutumin da zai faɗa ba ne.

Wasan ƙarshe dara ce. Sumana direba, Bazabarme, abokin wasan Dauda, ya tona gurabu cikin yashi, ya zuba tsakuwa da kusoshi. Tun zamanin Nasara suke bugawa kowace rana da tsaka, bai taɓa cin Dauda ba.

Sumana ya ce, "Zo nan, bawana. Wa ya ba ka izinin tafiya?"

Dauda ya ce, "Bawa ke tambayar ubangidansa izini? Zauna in yi maka na bankwana."

"In na ci ka, ba ka barin Yamai sai bayan damina."

"In na ci fa?"

"Ni zan ɗauki kayanka a ka har tasha."

Mutane suka dubi Hannatu. Ta gyara zama ta ce, "Na yarda. Ka nemi gammo, Sumana, akwai turmi cikin kayan."

Aka kewaye su. Dauda na da kusoshi, Sumana na da tsakuwa. Nan da nan Dauda ya jera uku ya cire masa ɗaya, ya sake jerawa ya cire wata. Sumana na share gumi da hula.

Sai Dauda ya daɗe yana kallon yashi. Ya ɗaga kusar da ta tare hanya, ya kai ta gefe inda ba ta da aikin komai. Sumana ya dube shi, ya dubi gurbin, ya tura tsakuwarsa. Daga nan ya yi ta ci har kusoshi suka ƙare.

Direbobi suka ɗaga Sumana sama, wani ya shiga mota yana ta danna oda. Ramatu ta rangaɗa guɗa. Sumana na ihu, "Na kama Bagobiri! Ku ɗaure mini shi a gindin itacen bedi!"

Hannatu ta taso, tana ƙoƙarin ɓoye dariya da bakin mayafi, ta fuskanci mijinta.

"Baban Marta, ni ma 'yar Gobir ce, a gaban masu dara na girma. Na ga hannunka. Ku sake, tsakani da Allah."

Dauda ya karkaɗe yashin rigarsa, ya miƙa hannu ya ɗauki tsokar rago.

Ya ce, "An ci ni. Ba ni sakewa."