Fuskar Kwando

Kawu Ɗanbaba ne ya kawo labarin, ran Laraba da hantsi, a rumfar da ake haɗa tumatir a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani ta Kura. Shi dillali ne, ƙanen mahaifiyar Musbahu, kuma shekara uku ke nan yana kai wa wani babban otal a birnin Kano kwando goma duk bayan kwana biyu. Ya ce masu otal-otal sun haɗu za su yi taron ɗaukar ma'aikata ran Asabar, kuma otal ɗin da yake kai wa kaya yana neman mai karɓar kayan miya a sito.

"Kai za ka je," in ji shi. "Ka yi sakandare, ka iya rubutu, tumatir kuwa ko a barci ka san shi. In ka shiga mun yi ɗa a ciki. Kwandonmu ya daina shan tambaya a ƙofa."

Musbahu ya ce to. Shekara goma sha biyu yana ɗaurin kwando a rumfar nan, aikin da ba ya wuce wata huɗu a shekara. Tumatir na ƙarewa sai ya koma ɗaukar buhu a injin shinkafa a Kura, in an samu. Matarsa Kubra tana da cikin wata bakwai. Abin da yake nema ba shi da yawa: aikin da ba ya mutuwa idan rani ya wuce.

Ran Alhamis ya je shagon kwamfuta aka buga masa takardar neman aiki, aka ɗauke shi hoto. Da ya dawo ya zauna a tsakar gida da lemon tsami da toka yana dirzar hannuwansa, domin ganyen tumatir ya rina su baƙi-baƙi har cikin farce.

"Ka bar wa gobe sauran fatar mana," in ji Kubra, tana goge masa farar riga. "Hannu suke nema ko mutum?"

"Hannun suke fara gani."

"To ka sa su a aljihu, ka yi ta murmushi kamar ɗan siyasa."

Ran Juma'a ya koma rumfa. A nan kowa ya san yadda ake haɗa kwando. Ƙananan tumatir a ƙasa, matsakaita a tsakiya, manya jajaye a jera su a sama, shi ne ake kira fuska. Ba wanda ke ɗaukar wannan ha'inci, domin mai saye ma ya san haka ake yi, da saninsa yake taya kaya. Amma bana tsutsa ta shiga gonaki. Kawu ya nuna tarin waɗanda ta huda, ya ce a shimfiɗa su a ƙasa.

"Kawu, waɗannan kafin jibi sun zama ruwa," in ji Musbahu.

"Miya za su yi da su, ba ado ba. Ko kai za ka ciyar da su Iliyasu masu ɗauri in na zubar?"

Iliyasu da sauran masu ɗauri bakwai suka sunkuyar da kai, suka ci gaba da aiki. Musbahu ya shimfiɗa. Ya yi fuska mai kyau, ya rufe da takarda, ya ɗaure. Shi bahago ne, ƙullinsa kullum a hagu yake faɗawa, ninki biyu. Yana ɗaurewa yana tambayar kansa a ina al'ada ta ƙare ha'inci ya soma. A tumatir na nawa? Yana cikin wannan tunani aka loda mota.

Ran Asabar ya isa wurin taron da ƙarfe tara. Babban zaure ne, kowane otal da teburinsa da allonsa. Samari da 'yan mata cikin kwat suna ta Turanci, wasu ana gwada su gyaran gado, wasu ɗaukar faranti uku a hannu ɗaya. Ya nemi teburin otal ɗin, ya bi layi, takardunsa cikin leda.

Mai tantancewar wata mace ce mai furfura a goshi, Madam Joanna, shugabar kicin. Hausarta ta mutanen Jos ce. A gefenta akwai kwandon tumatir, an kwance igiyar ta ɓangare ɗaya an ɗaga takardar. Duk wanda ya zo sai ta ce, "An kawo maka wannan a ƙofar sito. Za ka karɓa ko za ka mayar?"

Saura mutum huɗu a gabansa ya ga ƙullin da ba a kwance ba. A hagu yake, ninki biyu.

Na farko ya ɗauki ɗaya ya matsa, ya ce zai karɓa. Na biyu har sunsunawa ya yi, ya ce kaya ne mai lamba ɗaya. Madam rubutu kawai take yi. Musbahu ya shiga lissafi. Idan ya ce zai karɓa, ya zama ɗaya da waɗannan, alhali da yawansu suna da difloma, shi ba shi da ita. Idan ya ce zai mayar, kwandon Kawu ya mayar, a gaban jama'a. Ya yi tunanin fita daga layin ya je wajen masu neman mai gadi. Amma ya ci gaba da bin layi.

"Malam Musbahu, daga Kura," ta karanta. "Ashe gidan tumatir ne ya zo da kansa. To, za ka karɓa?"

"Zan mayar, ranki ya daɗe."

"Ko taɓawa ba ka yi ba."

"Fuska ce wannan. Daga rabi zuwa ƙasa tsutsa ta huda su."

Ta sa wani ma'aikaci ya juye kwandon a babban baho. Manyan suka gangaro, sannan sauran suka biyo baya a cakuɗe, ruwa na tsiyaya, wari ya tashi. 'Yan layi suka ja baya. Wani ya ce, "Kai, mutumin nan da aljanu yake aiki!"

Madam ta ajiye biro. "Sati uku ina zargin haka, yaran sito suna ce mini zafi ne. Mutum goma sha ɗaya na gwada yau, ba wanda ya zura hannu ciki. Kai ko hannun ba ka sa ba. Yaya aka yi ka sani?"

Amsa mai sauƙi tana bakinsa. Zai iya cewa wari ya ji, ko ya ga danshi a gindin kwandon, kuma za ta yarda, ta ɗauke shi gwani. Sai dai gwanintar ba ta ido ba ce. Ya san abin da ke ciki ne domin shi ya zuba.

"Ni na haɗa shi jiya," in ji shi.

Ta dube shi. "Kai ka sa ruɓaɓɓun?"

"Ni ne."

"Sa ka aka yi, ko ra'ayinka?"

"Hannuna ne dai ya sa."

Ta ɗauki biron. "Ban san ko wayo ka yi mini ba ko gaskiya. Ka zo Litinin ƙarfe bakwai, gwajin wata ɗaya. In na kama ka da irin wannan sau ɗaya, ka tafi. Mai kawo mana tumatirin kuma, daga yau mun gama da shi."

"Ranki ya daɗe, da za a yi masa magana kawai, mutum takwas ne ke..."

"Na gaba," ta ce.

La'asar ta yi kafin ya sauka a Kura. Bai wuce gida ba, ya hau babur zuwa bakin kanal. Kawu Ɗanbaba yana zaune a kan kifaffen kwando a wajen rumfa, wayarsa a cinya. Tuni an kira shi daga otal. A ciki su Iliyasu suna tara tumatirin da za a ɗaure gobe.

Musbahu ya durƙusa ya gaishe shi.

"An ce ka samu aiki," in ji Kawu, bai dube shi ba. "Allah ya sanya albarka."

"Amin, Kawu."

"Ni na aike ka, ko ba haka ba?"

"Kai ne."

"To. Ban iya aike ba ke nan." Ya nuna rumfar da haɓa. "Ban gaya musu ba tukuna. Tunda bakinka ya iya faɗin gaskiya, shiga ka gaya musu gobe babu ɗauri."

Musbahu ya miƙe. Iliyasu ya hango shi, ya ɗaga hannu yana dariya.

"Manaja! Yaya birni? Sun ɗauke ka?"

"Sun ɗauke ni," in ji Musbahu, ya sunkuya ya shiga rumfar. "Ku ɗan dakata da aikin. Akwai magana."