Bencinan Haya

Tun ranar da aka yi wa shugabar makarantar waya cewa injiniya zai zo duba cunkoso, abinci ya daina yi mata daɗi. Makaranta ɗaya tak hukumar ilimi za ta yi wa sababbin azuzuwa a bana, masu nema kuwa ba iyaka. Wadda injiniya ya ga ta fi matsuwa ita za a ba, sauran su jira wata shekarar in da rabo.

Matsuwa kam ba ta bukatar a ƙara mata gishiri. Unguwar ta cika ta batse, kowane zangon karatu iyaye na zuwa riƙe da hannun yara, ita kuma ba ta iya kallon idon uwa ta ce mata babu wuri. Ɗakin malamai ya zama aji, sito ma ya zama aji. A ajin ƙanana, malami sai ya yi ta ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata kafin ya kai ga allo.

Ta tara malamai ta ja musu kunne: kada a gyara komai, a bar mutumin ya ga halin da ake ciki. Kowa ya gyaɗa kai, har da mataimakinta, wanda yara ke kira Malam Guga don ba a taɓa ganin rigarsa a yamutse ba. Shi tun yana sabon malami aka horar da shi cewa in baƙo zai zo daga hukuma, a share, a goge, a ɓoye abin kunya. Yadda ya gyaɗa kan nan bai kwanta mata ba.

Ranar zuwan, direban injiniya ya ɓata hanya. Dole ta fita bakin titi ta tare su. Ta daɗe a tsaye, waya a hannu, kafin motar ta ɓullo.

Suna shigowa ƙofa ta gane an samu matsala. Makarantar da ko maganar kanka ba ka ji saboda hayaniya, yau shiru. An share fili an yayyafa ruwa. Ta leƙa ajin ƙanana, sai ga bencina sababbi fil an jera, irin waɗanda mai shagon kusurwa ke bayarwa haya, yara uku-uku a kai, kowa da wurin ajiye gwiwar hannu.

Injiniya mutum ne marar yawan magana. Ya zaga, ya duba, ya ce lallai ta iya riƙon makaranta, inda suka je jiya yara a ƙasa suke zaune. Ba ta taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Ta ja Malam Guga gefe. "Malam, ina yarana?"

Ya gyara wuyan riga, ya ce ya tura fiye da rabinsu filin ƙwallo na bayan katanga tare da malamai biyu. Da kuɗin aljihunsa ya ɗauko bencinan. Wai ya leƙa da safe ya ga yara kan taga, zuciyarsa ta kasa ɗauka, kada a je ofis a ce ba su san aikinsu ba. Tsakani da Allah yake faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ba ta tsaya faɗa ba. Ta fizgi ƙararrawa ta kaɗa da kanta har hannunta ya yi zafi. Yara suka kwararo ta ƙofar baya, fili ya cika ba masaka tsinke. Ta juya tana fatan ganin mamaki a fuskar injiniya, sai ta ga ya ɗaure fuska.

"Malama, wannan dabarar mun san ta," in ji shi. "Akwai masu aro yaran unguwa ranar da muka zo."

Rajista a wurinsa takarda ce kawai, rantsuwa kuwa kowa na yi. Sai kawai ta ce wa yaran kowa ya koma wurin zamansa.

Ba wanda ya nuna wa wani hanya. Wasu suka ɗare taga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san tasa kusurwar. Wasu suka zaro kwalaye daga bayan ƙofa suka shimfiɗa a ƙasa. Na jikin bango suka jingina daidai inda kawunansu suka daɗe da yi wa fenti baƙi. Wata ƙaramar yarinya ce kaɗai ta tsaya a tsakiyar aji rungume da jaka, idonta ya kawo ruwa.

Injiniya ya durƙusa ya tambaye ta abin da ya faru. Ta ce an ɗauke teburin malam.

"To, ina ruwanki da teburin malam?"

"A ƙarƙashinsa nake zama."

Malam Guga ne ya fitar da teburin da safe don bencina su samu wuri. Ya sunkuyar da kai, ya fita, ya dawo ɗauke da shi a ka, rigarsa duk ƙura. Yana ajiyewa yarinyar ta shige ƙarƙashi, ta buɗe littafinta a cinya.

Injiniya ya daɗe yana kallonta. Bai yi alkawari ba, bai kuma ce a'a ba. Ya fita wajen mota, shugabar na binsa, tana jiran jin ƙarar rufe ƙofa. Sai ya buɗe but ɗin bayan motar ya ɗauko tef ɗin awo, ya tambaye ta ina iyakar filin makarantar ta baya.